Yadda Ake Gano Matsalar Sauti a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

A ofisoshin gwamnati da shagunan 'yan kasuwa da dama, kwamfutar teburin da ake aiki da ita ta haura shekara goma, kuma galibi ta hannu aka saya, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da Lenovo ThinkCentre. Waɗannan na'urori suna da juriya, sai dai sauti na cikin abubuwan da kan fara ba su matsala. Wata a wayi gari ta yi tsit, wata ta riƙa ƙugi, wata kuma lasifika ɗaya ce kawai za ta riƙa magana. Ga ma'aikacin da ke halartar taro ta Zoom, ko ɗan kasuwar da ke sauraron saƙon muryar abokin ciniki, wannan cikas ne babba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa a goge Windows a sake ɗora wata, abin da masu gyara ke kira fomatin. Sau da yawa a nan ake asarar takardun lissafi da wasiƙun shekaru, garin neman gira a rasa ido, kuma sautin ya ƙi dawowa. Kafin sauti ya iso kunne yana bi ta matakai huɗu: manhajar da ke kunna shi, da direban da ke haɗa Windows da na'urar sauti, da guntun sautin da ke kan babban allon kwamfuta, wato madabod, sannan waya da lasifika. Aikin mai bincike shi ne ya gano inda sarƙar ta tsinke. Ƙa'idar ita ce a fara daga waje a shiga ciki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai cin kuɗi.

Lasifika da waya

A fara zare lasifikar a jona ta a wayar hannu ko rediyo. Idan can ma ba ta yi ba, kwamfuta ta kuɓuta daga zargi. A tuna cewa yawancin lasifikun tebur suna buƙatar wutar kansu, ta soket ko ta USB, kuma suna da maɓallin kunnawa da na ƙara murya.

Daga nan a duba ramin da aka soka fulogin. Tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Microsoft da Intel suka tsara launukan ramukan: kore na lasifika ne, ruwan hoda na makirufo, shuɗi kuma na shigo da sauti daga wata na'ura. Mai shara ko wanda ya matsar da tebur yana iya mayar da fulogi ramin da ba nasa ba. Idan ramin baya ya ƙi, a gwada na gaba.

Shi kansa fulogin abin dubawa ne. Na lasifika yana da zobe biyu, na abin sauraron wayar hannu mai makirufo kuwa zobe uku ne, kuma irin wannan kan fitar da murya a shaƙe a tsofaffin ramuka. Idan sauti na ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da aka motsa waya, to ko dai ta tsinke a ciki, ko ƙurar hunturu da tsatsa sun taru a ramin. A kashe kwamfutar, a zare ta daga wuta, a goge fulogin da ɗan sifirit, a bari ya bushe.

Ita kuwa 'yar ƙarar da wasu kwamfutoci ke yi da zarar an kunna su, ba ta tabbatar da lafiyar guntun sauti, domin galibi hanyarta daban ce.

Saitin Windows

A ƙasan allo ta dama akwai alamar lasifika. A danna ta da maɓallin dama na linzami, a buɗe Volume Mixer, domin Windows na ba kowace manhaja ma'aunin muryarta. Ana iya rufe muryar Chrome kaɗai alhali sauran suna aiki.

Sai a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta mmsys.cpl. Za a ga jerin na'urorin fitar da sauti, kuma wadda ke da alamar kore ita ce zaɓaɓɓiya. A nan ne matsalar ke yawan ɓuya bayan an sauya allo. Wayar VGA ba ta ɗaukar sauti, amma HDMI da DisplayPort suna ɗauka, don haka Windows kan karkatar da sauti zuwa sabon allon ko da ba shi da lasifika. Gyaran shi ne a zaɓi Speakers a danna Set Default. Idan ba a gan ta a jerin ba, a danna dama a fili a zaɓi Show Disabled Devices.

Wannan shafi yana da wani amfanin. A kunna kowane sauti, a lura da ma'aunin da ke gefen Speakers. Idan koren layi na hawa da sauka amma ba a jin komai, Windows ta yi nata aikin, matsalar tana ga rami ko waya ko lasifika. Idan bai motsa ba, a koma kan manhaja: a rubuta services.msc, a nemo Windows Audio, a danna Restart.

Direba

Jan gicciye a kan alamar lasifika na nufin ko dai ba a jona komai ba, ko Windows ba ta ga na'urar sauti ba. A rubuta devmgmt.msc, a buɗe sashen Sound, video and game controllers. Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa na nuna direba ya samu tangarɗa. Idan matsalar ta faro ne bayan Windows ta sabunta kanta, a zaɓi Roll Back Driver domin a koma tsohon. In ba haka ba, a cire direban, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, galibi za ta ɗora wani da kanta.

Idan sai an sauko da direba, a je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sa lambar da ke manne a jikinta. A guji manhajojin da ke tallar sabunta dukkan direbobi a danna ɗaya, domin wasunsu na tafe da tarkacen talla ko manhajar cutarwa.

Shekarun na'ura ma suna da tasiri. Intel ya fito da tsarin sauti na AC'97 a 1997, sannan ya maye gurbinsa da High Definition Audio a 2004. Windows na da direban gama-gari da ke tafiyar da na biyun, amma na farkon da wuya a samu direbansa na Windows 10. Kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a Oktoban 2025, yana da kyau a adana direban da aka tabbatar yana aiki a cikin filas.

BIOS da cikin akwati

Idan babu na'urar sauti a jerin kwata-kwata, mai yiwuwa an kashe ta a BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows. Ana shiga ne lokacin kunnawa, galibi da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. A nemo saitin Audio a tabbatar yana kunne. Kwamfutar da agogonta ke komawa baya duk safiya, batirin madabod ɗinta ne ya mutu, kuma ba za ta riƙe saiti ba sai an sauya shi. Ɗan faifan batir ne mai lamba CR2032.

Idan ramukan baya suna aiki na gaba ba sa yi, wayar da ta haɗa su da madabod ce kan zame. Kafin a buɗe akwati a zare wuta, a taɓa ƙarfen jikinsa. Kada a kuskura a buɗe akwatin wutar da ke ciki, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi.

Ƙugi da tartsatsi

Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa galibi daga wutar lantarki yake, musamman a ginin da ba a yi wa wayar ƙasa yadda ya kamata ba, ko lokacin da ake kan janareta. A jona kwamfuta da lasifika a soket guda, a raba wayar sauti da wayoyin wuta. Ƙara mai tsalle-tsalle da ke zuwa dab da shigowar kira kuwa, wayar hannu ce ta kusanci lasifika. Idan sauti na sarƙewa, a shiga Properties na Speakers, a kashe Enhancements, a mayar da tsarin zuwa 16 bit, 44100 Hz ko 48000 Hz. Idan kuma an ga kapasito a madabod ya kumbura ko yana tsiyaya, wannan aikin gwani ne.

Idan guntun sauti ya mutu

Dawowar wuta da ƙarfi ko tsawar damina na iya ƙona guntun sauti su bar sauran kwamfutar lafiya. Ana tabbatar da haka ta hanyar tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filas ba tare da an ɗora shi ba. Idan an ji sauti a can, laifin na Windows ne. Idan ba a ji ba, alamu sun karkata ga guntun.

Ko hakan ta tabbata, babu dalilin sauya madabod ko sayen sabuwar kwamfuta. Akwai 'yar na'urar sauti ta USB, mai girman filas, ɗauke da ramin lasifika da na makirufo. Ana samunta a kasuwannin kayan kwamfuta da araha, kuma Windows na gane ta ba tare da neman direba ba.

Wanda ya bi matakan nan bai dace ba, ya rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani, ya kwafe muhimman takardunsa, sannan ya nufi mai gyara. Ya kuma gindaya sharaɗin cewa kada a yi fomatin sai da saninsa.