Tarihin Faffaɗan Fim na Ɗaukar Hoto da Yadda Ya Yi Wuyar Samu

Fim ɗin da za mu yi magana a kansa a wannan maƙala shi ne wanda ake sa wa kyamara a ɗauki hoto, sannan a kai ɗakin duhu a wanke. Yawancinmu ɗan siririn nan mai faɗin milimita 35 muka sani, wanda masu hoton biki suka yi ta amfani da shi kafin zuwan kyamarar dijital. To amma fa yana da yayye faffaɗa waɗanda suka girme shi a wannan sana'a, kuma har yau akwai masu nemansu ruwa a jallo a Turai da Amurka. Abin da muke son bibiya shi ne dalilin da ya sa aka yi su da faɗi, da kuma dalilin ɓacewarsu daga kasuwa.

A shekarar 1888 ne George Eastman na garin Rochester a Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai fim naɗaɗɗe, mai ɗaukar hoto 100, a kan dala 25. A wancan zamani, yadda akasari ake fitar da hoto shi ne a kifa wankakken fim a kan takarda a haska. Wato girman fim shi ne girman hoto, babu ƙari babu ragi. Wanda duk yake son babban hoto tilas ya nemi faffaɗan fim da ƙatuwar kyamara. Daga nan ne kamfanin Kodak ya shiga yanka fim iri-iri, kusan kowace sabuwar kyamara da nata, daga baya ya raɗa musu lambobi tun daga 101. Lambar ba ta nuna faɗi, jeri ne kawai na fitowa. Lamba 116 ta fito a 1899 da faɗin milimita 70, lamba 120 ta biyo baya a 1901 da faɗin kimanin milimita 60.

Wanda ya fi jan hankalinmu a matsayinmu na marubuta shi ne lamba 122, wanda ya fito a 1903 tare da kyamarar da ake kira 3A. Hotonsa inci uku da kwata ne a inci biyar da rabi, daidai girman katin gidan waya. Sai ya zamana manomi ko ɗan tireda zai ɗauki hoton gidansa, ko ambaliyar da ta ci garinsu, a buga masa a takarda mai bayan kati, ya manna kan sarki ya aika. A 1907 gidan waya na Amurka ya yarda a riƙa rubuta saƙo a bayan katin, gefe guda da adireshi. Ta haka talakawan da ba su taɓa tunanin rubuta littafi ba suka bar ɗimbin gajerun wasiƙu haɗe da hotuna, kuma masu binciken tarihin ƙananan garuruwan ƙasar suna cin moriyarsu har yanzu. A ganinmu wannan fim ya yi wa tarihin talaka hidimar da ba kasafai ake yaba masa ba.

Akwai waɗanda suka fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Kyamarar Cirkut, wadda ke juyawa a kan ƙafafunta tana kwasar taron sojoji ko na 'yan makaranta a hoto guda, tana cin fim mai faɗin inci 10, wata ma har inci 16.

Abin da ya karya kasuwar waɗannan shi ne ingantuwar fim da yaɗuwar na'urar faɗaɗa hoto. Da aka iya fitar da babban hoto daga ɗan ƙaramin fim, sai ɗaukar kyamara mai girman akwati ya zama wahala ba riba. Leica ta fito a Jamus a 1925 da fim mai milimita 35, Kodak ya zuba irinsa a ɗan gwangwani a 1934, jama'a kuwa suka bi sauƙi. Duk da haka tsofaffin sun daɗe ba su mutu ba. An daina yin lamba 122 a 1971, lamba 116 da ƙaninta 616 suka kai 1984. Lamba 120 ce kaɗai ta tsira a cikin faffaɗan, har yau ana samunta a kanti. Mai milimita 70 kuwa ya ci gaba da aiki a hannun ƙwararru. Da shi aka ɗauki hotunan saman wata a 1969 da kyamarar Hasselblad, inda 'yan sama jannati suka dawo da fim ɗin suka bar kyamarar can don rage nauyi.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Ba a yin fim siriri ko faffaɗa tun daga tushe. Ana shafa sinadarinsa ne a kan bandir guda mai faɗin fiye da mita ɗaya, kamar bandir ɗin yadi, sannan a tsaga shi gwargwadon buƙata. Ke nan fim ɗin kansa bai ɓace ba. Abin da ya ɓace shi ne mai yarda ya tsayar da injinsa, ya sake saita wuƙaƙe saboda mutum ɗari ko ɗari biyu. Haka kuma ƙwarƙwaron da ake naɗe shi a kai, da baƙar takardar da ke kare shi daga haske, mai lambobin da ake leƙawa ta jar tagar bayan kyamara, duk an daina yin na waɗannan faɗin. Sau da yawa takardar nan ta fi fim ɗin wuyar samu.

Zuwan dijital ya ƙara dagula al'amarin. Kamfanin Ilford na Ingila ya durƙushe a 2004, manajojinsa suka saye shi a 2005 suka ci gaba da aiki a garin Mobberley da sunan Harman Technology. Kodak shi ma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Abin mamaki, daga cikin wannan rugujewa ne wata dabara ta fito. Ilford ya ware lokaci guda a shekara da yake karɓar odar girman da ba a saba yi ba, ta hannun dillalai a ƙasashe daban-daban. Ana tara buƙatun duniya wuri ɗaya, a yanka su a tashi guda, a aika bayan 'yan watanni. Karo-karo ne tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma wanda ya makara sai baɗi. Masu shirya finafinan sinima, da yake aljihunsu da nauyi, ba sa bin wannan layi: Kodak ya yanka baƙi-da-fari mai faɗin milimita 65 musamman saboda fim ɗin Oppenheimer na 2023.

Wanda bai samu shiga wannan oda ba, hanyoyinsa kaɗan ne. Wasu kan sayi tsohon fim da wa'adinsa ya wuce da shekaru 40 ko 50, wanda caca ce, domin zafi da daɗewa suna sa masa hazo. Wasu kan ƙara wa ƙwarƙwaron lamba 120 'yan robobi a kai da gindi don ya zauna a kyamarar 116, su haƙura da asarar gefen hoton. Masu naci kuwa sukan sayi dogon naɗi na milimita 70, ko fim ɗin da ake ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama su tsaga, su auna tsawo da lalube a cikin duhu, su manna shi a tsohuwar takardar da ta girmi iyayensu. Shi ya sa idan irin waɗannan suka aika fim wurin wanki, sukan haɗa da 'yar wasiƙa suna roƙon a dawo musu da ƙwarƙwaron da takardar tare da hotunan.