Yadda Likitoci Suka Gano Yunwar Tsokar Zuciya

A shekarar 1768 likita William Heberden ya bayyana wa takwarorinsa a Landan wani ciwo mai ban tsoro. Mutum na cikin tafiya, musamman in yana hawan tudu bayan ya ci abinci, sai ƙirji ya shaƙe shi kamar rai zai fita. Da ya tsaya cik, sai ciwon ya lafa. Heberden bai san tushensa ba. Edward Jenner, mai rigakafin agana, da abokinsa Caleb Parry ne suka ɗora laifin a kan jijiyoyin da ke shayar da zuciya, bayan sun tarar da su a ƙandare a gawarwakin masu ciwon.

An daɗe ana ɗauka cewa toshewar jijiyar nan mutuwa ce nan take, har James Herrick na Chicago ya nuna a 1912 cewa ana iya tsira.

To me ke faruwa a cikin tsokar? A 1935 Robert Tennant da Carl Wiggers suka ɗaure jijiyar zuciyar kare. Cikin minti guda sashen da aka hana jini ya daina matsawa, ya koma yana ɓullowa waje duk lokacin da sauran zuciyar ta buga. Dalili kuwa, tsokar zuciya ba ta da rumbu. A cikin ƙwayoyinta akwai ƙananan maƙeru, mitokondiriya, masu ƙona kitse da sukari da iskar oksijin su samar da ATP, makamashin bugawa. Abin da ke hannu ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi. Da jini ya yanke, sai ƙwayar ta koma fasa sukari ba oksijin, ta sami ATP 2 a madadin kusan 30. Tsami ya taru, gishiri da ruwa su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura.

Robert Jennings ya gano cewa wannan wahala tana da wa'adi: in jini ya dawo kafin minti 20, ƙwayoyin kan farfaɗo. A 1977 shi da Keith Reimer suka nuna cewa mutuwar kan faro daga bangon ciki, ta riƙa cin gaba zuwa waje cikin sa'o'i. A shekarar ce kuma Andreas Grüntzig ya buɗe ƙuntatacciyar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurich, dabarar da yau ake rige-rigen yi wa wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe tun sauran tsokar na da rai.