Daga Aci-bal-bal Zuwa Fitila Mai Jin Umurni

Jibiya gari ne a ƙasar Katsina, bisa hanyar Maraɗi, daf da iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908. Mutanen ɓangarorin biyu Hausawa ne, dangin juna, saboda haka makaɗa da 'yan biki ba su fasa ƙetarawa ba.

A zamanin da, wasan dare sai da farin wata. Idan wata ya yi haske, 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa. Idan ya ɓuya, sai a kunna aci-bal-bal, wadda ake zuba wa man gyaɗa a sa lagwanin auduga. Da kananzir ya shigo, fitilar ƙwai ta karɓe ta, daga baya kuma fitilar gas. Sa'an nan majigi ya zo, watau motar gwamnati mai ɗauke da injin lantarki, wadda ke nuna hotuna a ƙofar gidajen hakimai. Mutanen karkara da yawa a wurin majigi suka fara ganin hasken lantarki.

Duk waɗannan fitilu da hannu ake sarrafa su. Canji ya taso ne daga Amurka. A 1981 wani kamfani mai suna Vari-Lite ya fito da fitilar da ke juya kanta, tana sauya launi. Amma kowane kamfani da irin yadda yake yi wa fitilarsa magana, har ya zama akwatin sarrafawa na wannan ba ya iya motsa fitilar wancan. Don a kawar da wannan ruɗani, ƙungiyar ma'aikatan dandamalin wasa ta Amurka, USITT, ta kafa ƙa'ida guda a 1986, mai suna DMX512. Waya ɗaya tana ɗaukar ƙofofi 512, kowace ƙofa kuwa ana aika mata lamba daga 0 zuwa 255.

To, sai dai ƙa'idar ba ta faɗi abin da kowace ƙofa za ta yi ba. A wata fitila ƙofar farko ita ce ƙarfin haske, a wata kuwa juyawa ce. Dalili ke nan da ya sa ake rubuta wa kowace irin fitila takardar bayaninta a cikin kwamfuta, a jera ƙofofinta da aikin kowace, kamar yadda ɗan kwastan ba ya sanin abin da ke cikin mota sai ya duba takardar kaya. A 2018 kamfanoni uku, MA Lighting da Robe da Vectorworks, suka shirya tsari ɗaya na rubuta wannan takarda, suka kira shi GDTF, aka kuma amince da shi a Jamus a 2020.

Irin waɗannan fitilu sun iso ɗakunan biki na Kano da Katsina da Maraɗi, akasarinsu ƙirar ƙasar Sin masu araha. Sau da yawa akwatin sarrafawa bai san su ba. Dole mai fitila ya zauna tun da rana, ya riƙa ɗaga ƙofa ɗaya bayan ɗaya, yana duban abin da fitilar ta yi, yana rubutawa. In ya yi ganganci ya sauya ƙofa guda, to, sa'ad da amarya ta shigo, hasken zai bi rufi ko ya mutu, shi kuwa ya rasa ladan aikinsa da mutuncinsa.

An rufe iyakar Jibiya a watan Agusta na 1919 da ɗari, watau 2019, ba a buɗe ba sai Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a 2023, aka buɗe a 2024. Duk da haka, takardar da wani ya rubuta a Maraɗi tana iya isa Katsina ta wayar hannu nan take, ta yi aiki ba tare da an gyara ko harafi ba. Wanda ya rubuta ta da kyau, ya hutar da na bayansa.