Doka, nahawu da kuɗin bincike: tarihin ƙwayoyin tushe a Amurka daga 1996

1. Gabatarwa

A Amurka, babban mai ba da kuɗin binciken lafiya shi ne gwamnatin tarayya, ta hannun Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da aka fi sani da NIH. Tsakanin 1998 da 2003 kasafin NIH ya ninka, daga wajen dalar Amurka miliyar 13 da rabi zuwa miliyar 27. Cikin wannan yalwa aka ƙuntata wa fanni guda, wato binciken ƙwayoyin tushe na ɗan tayi. A wannan maƙala za mu bi tarihin fannin don mu nuna abu ɗaya: idan gwamnati ta janye hannu, gidauniyoyi masu zaman kansu suna iya riƙe bincike kada ya mutu, amma tsadarsa tana ƙaruwa, domin kuɗinsu a kan ginin gwamnati ya saba zama.

Abin da muke kira ƙwayoyin tushe, ƙwayoyin halitta ne da ake cirowa daga tayi na kwana 5 ko 6, galibi cikin waɗanda suka rage a asibitocin taimakon haihuwa. Suna iya rikiɗa su zama jijiya, ko tsokar zuciya, ko ƙwayoyin da ke yin insulin. Ciro su yana halaka tayin, kuma nan gardamar take. Bayan an ciro su, ana renon su cikin ɗakin bincike suna hayayyafa shekara da shekaru. Ƙwayoyin da suka fito daga tayi guda su ne za mu kira zuriya.

2. Dokar 1996 da fassararta

A watan Janairu 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan wata dokar kasafi mai ɗauke da sharaɗin da ake kira da sunan ƴan majalisa biyu, Jay Dickey da Roger Wicker. Sharaɗin ya hana a kashe kuɗin tarayya wajen binciken da ake halaka tayin mutum a cikinsa, aka kuma riƙa sabunta shi kowace shekara.

Saboda haka, lokacin da James Thomson na jami'ar Wisconsin ya sanar a Nuwamba 1998 cewa ya samar da zuriyoyin farko na mutum, da kuɗin kamfanin Geron ya yi aikin, cikin ɗaki dabam da wanda yake aikin gwamnati. A Janairu 1999 babbar lauyar ma'aikatar lafiya, Harriet Rabb, ta ba da fassara: ƙwayar tushe ba tayi ba ce, don haka gwamnati tana iya biyan aiki a kan ƙwayoyin da wani ya riga ya ciro, ciron ne ba za ta biya ba. Daga nan aikin ya kasu biyu, ciro na masu zaman kansu, nazari na gwamnati.

3. Iyakar Bush da shigowar gidauniyoyi

Ranar 9 ga Agusta 2001 shugaba George W. Bush ya yanke cewa kuɗin tarayya zai tafi ga zuriyoyin da aka samar kafin wannan ranar kaɗai. Ya ce sun fi 60. Daga baya ta bayyana 21 ne masu bincike ke iya samu. Sau biyu majalisa ta zartar da dokar sassauci, sau biyu Bush ya hau kujerar na-ƙi, a 2006 da 2007.

Masu kuɗi na waje suka shigo ta hanya biyu. Ta farko ita ce gidauniyoyi. A 2004 Douglas Melton na jami'ar Harvard ya samar da sababbin zuriyoyi 17 da tallafin Cibiyar Howard Hughes, da gidauniyar JDRF wadda iyayen yara masu ciwon sukari suka kafa, da jami'arsa. A 2005 gidauniyar Starr ta ba cibiyoyi uku na birnin New York dala miliyan 50, a shekarar kuma aka kafa gidauniyar ƙwayoyin tushe ta New York. Hanya ta biyu ita ce jihohi. A Nuwamba 2004 mutanen Kalifoniya suka amince, da kashi 59 cikin 100 na ƙuri'u, jiharsu ta ciyo bashin dala miliyar 3 don wannan bincike. Masu adawa suka kai ƙara, kuɗin ya maƙale har 2007. Kafin nan, da kyautar attajirai da rancen dala miliyan 150 da gwamna Arnold Schwarzenegger ya amince da shi a 2006 sabuwar hukumar jihar ta rayu.

Sai dai akwai asarar da ba ta bayyana cikin waɗannan manyan lambobi. Ƙa'idar lissafi ta ce ko dala guda ta tarayya kada ta shiga aikin sababbin zuriyoyi. To, a yawancin jami'o'i na'urorin da ke ɗakunan bincike da kuɗin NIH aka saye su. Don gudun laifi, jami'o'i da yawa suka raba kaya biyu: firji biyu, na'urar hangen ƙwayoyi biyu, wani wuri har gini biyu, ana liƙa wa kowane abu alamar wanda ya biya shi. Ke nan wani kaso na kuɗin gidauniyoyi ya tafi wajen sake sayen abin da jami'ar ta riga ta mallaka. Ga kuma rashin daidaito: mai bincike a Boston ko New York ko Kalifoniya ya sami mai ɗaukar nauyinsa, takwaransa a jihar da ba ta da irin waɗannan attajirai ya tsaya ga zuriyoyi 21.

4. Nahawu a gaban kotu

Ranar 9 ga Maris 2009 shugaba Barack Obama ya ɗage iyakar Bush. A Disamba 2009 NIH ta karɓi zuriyoyi 13 na farko a sabon tsari, dukkansu da kuɗi mai zaman kansa aka samar da su. Amma sharaɗin 1996 yana nan, kuma a kansa wasu masu binciken ƙwayoyin tushe na manya, James Sherley da Theresa Deisher, suka kai ƙara. Ranar 23 ga Agusta 2010 alƙali Royce Lamberth ya dakatar da biyan kuɗin. Hujjarsa ita ce bincike abu guda ne tun daga ciro har nazari, ba a yanka shi gida-gida. Dakatarwar ta ɗauki kimanin sati biyu da rabi kafin kotun ɗaukaka ƙara ta jingine ta.

Hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a Afrilu 2011 ya cancanci kulawar masu nazarin harshe. Alƙalai biyu cikin uku suka ce kalmar bincike tana da harshen damo: tana iya nufin dogon aiki gaba ɗaya, tana iya nufin furoje guda mai iyaka. Suka ƙara da cewa aikatau ɗin halakawa a lokacin yanzu ya zo cikin dokar, ba a shuɗaɗɗe ba. Da Hausa, bambancin tayin da ake halakawa ne da tayin da aka halaka. Tun da kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu, kotu ta bar hukumar da fassararta. Alƙaliya ta uku, Karen Henderson, ta ƙi yarda, ta kwatanta hujjar da kokawa da harshe. A Janairu 2013 kotun ƙoli ta ƙi sauraren shari'ar, maganar ta ƙare a nan.

5. Kammalawa

Cikin shekara 17, ƙa'idar fanni guda ta sauya da kusan kowane shugaba, alhali renon ɗalibin dakta ɗaya yana cin shekara biyar ko fiye. Gidauniyoyi sun cike gurbi a lokacin ƙunci, kuma zuriyoyin da suka biya su ne gwamnati ta gada a 2009. Amma zanen aro ba ya rufe katara: abin da Cibiyar Howard Hughes, ɗaya daga cikin mafi girma, take kashewa a shekara a wancan zamani bai kai miliyar 1 ba, NIH kuwa tana kusa da 30.

Wannan dangantaka ta sake fitowa fili a Fabrairu 2025, lokacin da NIH ta sanar za ta rage kuɗin hidimar jami'o'i, wato na gini da wuta da ma'aikata, zuwa kashi 15 cikin 100, alhali a manyan jami'o'i yakan wuce kashi 50. Hujjarta ita ce gidauniyoyi irin ta Gates kashi 10 zuwa 15 suke biya, jami'o'i kuma suna karɓa. Wata kotun tarayya a Boston ta hana aiwatar da matakin a shekarar. Tarihin 2001 zuwa 2009 ya riga ya nuna raunin hujjar. Jami'a tana iya karɓar kaɗan daga gidauniya saboda gwamnati ta riga ta biya ɗakin da na'urar. Ranar da aka raba su, sai da gidauniya ta sayi firjinta.