Jifa-jifan alfarma da ba sa faɗuwa a kasuwa: Abin da ke riƙe darajarsu

Sanannen abu ne cewa mota tana fara rasa daraja tun ranar da ta bar hannun dillali. Sai dai akwai wasu 'yan tsirarun motocin shiga daji da sahara da suka kauce wa wannan ƙa'ida, har masu tara motoci na rububinsu a wuraren gwanjo na Turai da Amurka. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, wasu masu hali a Najeriya sun fara kallon irin waɗannan motoci a matsayin ma'ajiyar dukiya. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, yana da kyau ya san waɗanda ake nufi da kuma inda haɗarin yake.

Motocin da ake magana a kai

Toyota Land Cruiser ta samo asali a 1951. Samfurin FJ40, wanda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, shi ne masu tara motoci suka fi nema, sai kuma samfurin 80 da ya fito a 1990. Samfurin 200, wanda aka fi sani da V8 a nan gida, an daina ƙera shi a 2021, kuma samfurin 300 da ya gaje shi ya zo da injin V6. Wannan sauyi ya sa masu son V8 suka riƙe nasu.

Mercedes G-Class, wato G-Wagon, ana ƙera ta a birnin Graz na Austriya tun 1979. Waɗanda suka fi tsada su ne waɗanda aka fitar da ƙididdiga, kamar Maybach G650 Landaulet ta 2017 da aka yi guda 99 kacal, da G63 AMG 6x6 mai tayoyi shida.

A Ingila kuwa, an daina ƙera tsohuwar Land Rover Defender a Janairun 2016. Wata guda kafin nan, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wadda ta cika miliyan biyu a kan fam 400,000. Range Rover ta farko, wadda ta fito a 1970 da ƙofa biyu, ita ma tana da masoya. Sai Lamborghini LM002 ta Italiya, wadda aka yi kimanin guda 300 tsakanin 1986 da 1993.

Me ke ɗaga farashi?

Na farko shi ne ƙaranci. Motar da aka daina ƙerawa kullum raguwa take yi, don haɗari da tsatsa na cin rabonsu. Na biyu shi ne asali: injin da ta fito da shi daga masana'anta, fentinta na farko, da kujerun da ba a sauya ba. Na uku takardu ne, wato tarihin masu ita da na gyare-gyaren da aka yi mata. Motoci biyu masu shekara ɗaya da kama ɗaya na iya bambanta ƙwarai a farashi saboda fayil ɗin takardu kawai.

Akwai kuma dokar Amurka da ta ba da damar shigar da motar da ba a ƙera don ƙasar ba idan ta cika shekara 25. Duk lokacin da wani samfuri ya kai wannan shekara, masu saye daga can sukan shigo kasuwa, farashi ya motsa.

Ina kasuwar ta dosa?

Farashin tsofaffin motoci ya yi tashin gwauron zabo tsakanin 2020 da 2022, lokacin da annobar korona ta rage fitowar sababbin motoci, bashi kuma yana da araha. Da manyan bankuna suka ƙara kuɗin ruwa, kasuwar ta lafa. Abin da ya bayyana shi ne motoci masu tsabta da cikakkun takardu sun fi jure wa lafawar, yayin da waɗanda aka yi wa kwaskwarima suka fi jin jiki.

Sababbin jifa-jifan alfarma kuwa lissafinsu daban ne. Range Rover ta zamani takan zubar da daraja da sauri saboda tsadar gyara da yawan na'urorin lantarki, yayin da Land Cruiser da G-Wagon suka fi riƙe farashi. Amma riƙe farashi ba riba ba ce.

Lissafin mai saye a Najeriya

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna riba da Naira. Wanda ya sayi mota kafin 2023 ya sayar yanzu zai ga kuɗin ya ƙaru, amma idan ya mayar da lissafin zuwa Dala, zai iya tarar da cewa hasara ya yi. Ga kuɗin inshora, da kayan gyara, da man fetur da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Shigo da tsohuwar mota ma ba abu ne mai sauƙi ba. Hukumar Kwastam ta iyakance shekarun motar hannu da za a shigo da ita, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka yawancin tsofaffin Land Cruiser da Land Rover da za a samu a nan waɗanda suka daɗe suna aiki ne, an sauya musu inji ko giya. Irin waɗannan suna da amfani a hanya, amma mai tara motoci ba zai biya su farashin gwanjo ba.

Duk mai niyyar saye ya tabbatar lambar shasi ta dace da takardu, ya binciki takardar biyan kuɗin fito, ya sa makanike ya duba ƙasan motar, sannan ya guji wadda aka juya wa sitiyari. Kada kuma ya sa kuɗin da zai buƙata da gaggawa, domin mota irin wannan kan ɗauki watanni kafin ta samu mai saye.