Waɗanda Sunan Wasa Ya Cinye Sunansu na Yanka

Kafin kaset ɗin Kano ya iso mana, ba mu san wani abu wai shi jarumi ba. A wasan kwaikwayon da muka tashi muka tarar a ƙasar Maraɗi, daga Gidan Rumji har Agiye da Gazawa, kowa da halin da aka san shi da shi. Wannan maigari, wancan boka, ga alhajin birni mai neman 'yar cikinsa da aure, ga dogarin da ba ya jin sallama sai ya ga na goro. Wanda rowa ta karɓe shi a dandali, to marowaci zai yi ta fitowa har furfurar gaske ta zo.

Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa. Daga 1976 aka soma bikin matasa na ƙasa, kuma sai ƙungiya ta yi zarra a gida, ta yi a Maraɗi, kafin ta taka can. Ba a rubuta mana komai. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, kan zo da ƙashin labari, ya ce yau kan 'yan cirani ne, ko auren dole, ko ma'aikaci mai cin dukiyar talakawa, sauran kowa ya zuba nasa wurin gwaji. Mai fitowa alhaji ya ɗaure matashin kai a ciki da tsohon zane, ya zuba babbar rigar aro. Tsoho kuwa a shafa masa toka a gira, a manna masa auduga a haɓa da ƙaro. In zufa ta karyo gemu ya fara zamewa, gwani sai ya dafe shi da hannu, ya yi shiru wai yana nazarin shari'a, jama'a na ta tafi.

A gida Yazi Dogo muke koyi da shi, shi ma malamin makaranta, wanda ƙungiyarsa ta Damagaram ta mamaye rediyo, daga baya ta mamaye Télé Sahel, lokacin da gwamnati ta kakkafa akwatunan kallo masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Na ƙetaren iyaka Rediyon Kaduna ta kawo mana su. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarauta, kuma sojan gaske, amma wa ya damu da wannan? Samanja Mazan Fama kawai aka sani, da Hausarsa ta bariki mai haɗe da Turancin kasuwa, har ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Ni dai a wurina Ƙasimu Yero, Bazazzagin da ya rasu a 2017, ya fi kowa sanin aikin. Ya yi Karambana da Hausa, ya yi Uncle Gaga da Turanci a Cock Crow at Dawn, kuma ko shiru ya yi a kusurwa idonka na kansa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, harkar bidiyo ta kankama. Ba a jima ba rawa da waƙa irin ta Indiya suka shigo, aka koma neman saurayi mai kyan fuska da budurwa fara. Tsofaffin hannu aka tura su gefe: uba mai faɗa, maigadi, malamin tsibbu, fitowa biyu a sallame ka. Rabilu Musa Ibro ne ya ƙi zama a gefen, don fuskarsa kaɗai kan sayar da kaset a kasuwar Maraɗi, har rasuwarsa a Disamban 2014. A shekarar aka buɗe tashar Arewa24, kuma shirinta Daɗin Kowa ya dawo da tsohon tsari na gari guda mai cike da halaye. Tambayi yaro a Tibiri sunan gaskiya na Kamayen shirin, ka ga ikon Allah.

Inda abin ke ciwo shi ne kuɗi. A Amurka mai irin wannan aiki, wanda ya shekara talatin yana fitowa ɗan sanda ko alƙali ba a san sunansa ba, yana da ƙungiyar ƙwadago, kuma in an maimaita shirin ana aiko masa da ɗan kasonsa. Wannan kaso na cikin abin da ya sa 'yan wasan can suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023. Namu sau ɗaya ake biyansa, a hannu, wani lokaci kuɗin mota ne kawai da "Allah ya saka da alheri, Baba", alhali shirin zai yi ta yawo a tashoshi da wayoyi. Mu na samariya ma ba a zancenmu, don buhun shinkafa da takardar yabo ne ladan. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos, wanda ya ba Arewa dariya tun shekarun 1980, sai da ya tsufa, ido ya tafi, ya fito yana neman taimako, sannan ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025.