Na'urar da ke tambayar lokaci: daga inuwar rana zuwa agogon atam

A watan Fabrairu na shekara ta 2012, wata gidauniya ta birnin Cambridge a Ingila ta fitar da wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ba ta wuce tafin hannu ba, mai suna Raspberry Pi, a kan dala 35. Manufar Eben Upton da abokan aikinsa ita ce ƴan makaranta su samu abin koyo mai arha. Don rage tsada, sai suka bar ta babu agogo mai batir. Idan wuta ta ɗauke, ƙidayarta ta tsaya. Idan ta farfaɗo, ko dai ta koma 1 ga Janairu 1970, mafarin ƙidayar tsarin Unix, ko ta ci gaba daga sa'ar ƙarshe da ta adana. Dole ke nan ta tambayi lokaci. To, wa za ta tambaya?

Amsar tana da dogon tarihi. A da, kowane gari da nasa lokaci, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Har yau rana tana yin tsaka a Damagaram kusan rabin awa kafin ta yi a Yamai, alhali agogonmu ɗaya ne. A Ingila, jirgin ƙasa ne ya tilasta haɗa kai: daga 1847 kamfanonin jiragen suka bi lokacin Greenwich, doka kuma ta tabbatar da shi a 1880. Taron Washington na 1884 ya mayar da layin Greenwich mafarin awon duniya. Faransa ta ƙaurace wa ƙuri'ar, ba ta bi sahu ba sai 1911, kuma ko a sannan dokarta ta kira shi lokacin Paris da aka jinkirta da minti 9 da daƙiƙa 21, don kada a ambaci sunan maƙwabciya.

Sai dai juyawar duniya kanta ba ta da cikakken daidaito. A 1955 Louis Essen ya ƙera agogon atam na siziyom a Ingila, a 1967 kuma aka ayyana daƙiƙa da kaɗawa 9.192.631.770 ta hasken da wannan atam ke fitarwa. Wani ofishi da ke Sèvres, kusa da Paris, shi ke tattara awon ɗaruruwan irin waɗannan agogai ya fitar da lokacin bai-ɗaya, wato UTC, wanda Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya.

Saura yadda wannan lokaci zai iso ga na'ura ta intanet, inda kowane saƙo ke ɓata lokaci a hanya. David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya wallafa ƙa'idar NTP a 1985, ya yi ta gyaranta shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2024. Dabararsa tana kama da ta mai aike. Na'ura ta rubuta sa'ar da ta tura tambaya; mai amsawa ya rubuta sa'ar da ta iso da sa'ar da ya mayar; na'ura ta rubuta sa'ar dawowa. Daga lambobin nan huɗu ake cire zaman da saƙon ya yi a can, a raba sauran biyu, a san tsawon tafiya ɗaya. Raunin lissafin shi ne zaton zuwa da dawowa daidai suke. In hanya ɗaya ta fi cunkoso, kuskure ya shigo. Saboda haka na'urar takan tambayi shaidu da yawa, ta watsar da wanda maganarsa ta saɓa wa ta jama'a. Shaidun kuma hawa-hawa ne: mai ji kai tsaye daga agogon atam ko tauraron GPS yana mataki na 1, mai ji daga gare shi na 2, har zuwa 15. In kuskuren ƙarami ne, ba ta tsallaka lokaci. Takan ɗan ƙara wa agogonta sauri ko ta rage, har ya daidaita.

Me ya shafi malami a cikin wannan? Na'urar da ta ɗauka muna 1970 takan ƙi buɗe shafuka masu tsaro, domin takardun shaidarsu suna da ranar farawa da ta ƙarewa. Rubuce-rubucen da ta adana kuma sukan ɗauki kwanan wata na ƙarya, sabo ya koma bayan tsoho. Ƙungiyar da ke naɗar tatsuniyoyi ko hira da dattawa a inda wuta ke yankewa, intanet kuma ba kullum ba, tana iya wayar gari da taska wadda ba a san jerin ranakunta ba. Maganin yana da sauƙi: a liƙa ɗan agogo mai batir irin DS3231, wanda kuskurensa bai wuce kimanin minti ɗaya a shekara ba. Raspberry Pi 5 na 2023 ma ya zo da agogonsa a jiki, batir kawai yake bukata.

Masanin tarihi ya san takarda marar kwanan wata rabin shaida ce. Kafin mu danƙa wa ƙaramar na'ura muryoyin iyayenmu, ya kamata mu fara duba ko ta san wace rana ce yau.